Abin da Ƙarfi Ke Ɓoyewa

Bahaushe ya ce jiki magayi, kuma ga yawancin mutane maganar haka take. Wanda ya hau bene hawa biyu ya tsaya yana haki, ko wanda sunkuyawa ta zame masa aiki saboda tumbi, ba ya bukatar likita ya shaida masa cewa akwai gyara, domin jikinsa ya riga ya gaya masa. Amma akwai wani rukuni na mutane da jikinsu ya iya rufa asiri, kuma ina cikinsu. Mu ne masu fita gudu bayan sallar asuba, da masu ƙwallon Asabar, da masu ɗaga ƙarfe da yamma, da tsofaffin 'yan wasan da suka ƙi jingine takalmi. Idan ka tambayi ɗayanmu lafiyarsa, amsar da za ka samu ita ce yawan kilomitar da ya yi a makon. Tambayar da nake juyawa a raina tun da na haura shekara 50 ita ce: cikin dukan awon da ake yi wa jikin ɗan Adam, wanne ne ke faɗin gaskiya game da tsawon kwanan mutumin da ya riga ya zama mai ƙarfi?

Kafin wani ya ce na shiga hurumin da ba nawa ba, bari in share fage. Ajali na hannun Allah, babu sikeli ko na'urar da ta san ranar kowa. Abin da masu bincike ke yi bai wuce abin da manomi ke yi ba idan ya dubi gabas ya ga hadari ya haɗu. Ba shi ke saukar da ruwa ba, amma ya san abin da galibi ke biyo bayan irin wannan hadari, sai ya sa a kwashe shanya. Su ma sukan auna mutum dubu goma yau, su dawo bayan shekara ashirin su ƙirga waɗanda suka rage, sannan su duba wane awo ne ya bambanta waɗanda ke raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sakamakon magana ce a kan taro, ba hukunci a kan mutum guda ba.

A kan taron kuwa, labarinmu mai daɗi ne. Tun a 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi, sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Daga baya aka bi diddigin mutum 15,174 da suka taɓa cin lambar yabo a wasannin Olamfik, aka buga sakamakon a 2012: sun ɗara sauran jama'ar ƙasashensu da kusan shekara uku. Faransawa 786 da suka yi tseren keke na zagaye ƙasar Faransa daga 1947 zuwa 2012, mutuwa a cikinsu ta gaza ta takwarorinsu da kashi 41 cikin 100. Mutum 200 na farko da suka yi gudun mil guda cikin ƙasa da minti huɗu sun wuce abin da ake sa ran tsararsu za su rayu da kusan shekara biyar, kuma Roger Bannister, wanda ya buɗe wannan ƙofa a 1954, ya kai 88. Saboda haka masu ce mana gudun nan zai ƙarar da mu, lissafi bai goyi bayansu ba. Sai dai a kula, ba kowane gumi ne ke da wannan lada ba. Wani bincike da aka yi kan mutum sama da 100,000 a Denmak, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa motsa jikin da mutum ya zaɓa a lokacin hutunsa na rage haɗari, amma aikin ƙarfi na wuni guda don neman abinci ba ya ragewa, yana ma iya ƙarawa. Ɗan dako da mai ga-ruwa suna da damtse, amma ba su da hutun da jiki ke gyara kansa a ciki.

Awon da zan fara turewa gefe shi ne wanda aka fi sani, wato lissafin nauyi da tsawo da ake kira BMI a asibiti. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don siffanta al'umma, ba don duba marar lafiya ba. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan kokawa mai ƙirar zaki zai hau a ce masa ya yi ƙiba, siririn ma'aikacin ofis mai ɗan tumbi a gaba ya hau a ce masa lafiya lau. Tef ɗin tela ya fi shi gaskiya. Ka zagaye cikinka daidai wajen cibiya, idan awon ya wuce rabin tsawonka to kitsen ciki ya fara taruwa, shi ne kuwa kitsen da ke tafiya tare da ciwon suga da ciwon zuciya. Na ga tsofaffin 'yan ƙwallo da dama waɗanda ƙafafunsu na nan kamar na da, amma cin abincin lokacin atisaye bai bar su ba bayan atisayen ya ragu.

Idan aka ce in zaɓi awo guda cikin waɗanda motsa jiki ke ginawa, ƙarfin numfashi zan ɗauka. Shi ne iyakar iskar oksijin da jiki ke iya sarrafawa a minti guda lokacin da mutum ya ƙure ƙoƙarinsa, kuma shi ne agogunan zamani ke rubutawa VO2 max. Dalilin da ya sa yake da nauyi shi ne ba gaɓa ɗaya yake aunawa ba. Sai huhu ya shaƙa, jini ya ɗauka, zuciya ta harba, jijiyoyi sun buɗe, tsoka ta karɓa ta ƙona, kafin lambar ta fito, don haka rauni a ko'ina cikin wannan sarƙa zai bayyana. Magidancin da ba ya motsa jiki yakan tsaya tsakanin 30 da 40, manyan masu dogon tsere na duniya kuma sukan haura 70. A 2018 asibitin Cleveland da ke Amurka ya fitar da sakamakon mutum 122,007 da aka ɗora a kan injin gudu daga 1991 zuwa 2014. Waɗanda ke ƙasan jeri, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda ke can ƙololuwa sau biyar, tazarar da ta fi wadda ke tsakanin mai shan taba da wanda ba ya sha. Kuma ba a ga wani matsayi da ƙarin ƙarfin numfashi ya koma cutarwa ba.

Ba sai ka je Amurka ba kafin ka san naka. Wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da hanya mai sauƙi a 1968: ka yi gudu iya ƙarfinka na minti 12, a auna nisan da ka yi. Ka cire 505 daga mitocin, ka raba abin da ya rage da 45, lambar da ta fito ta yi kusa da ƙarfin numfashinka. A filin wasa irin na Ahmadu Bello da ke Kaduna ko na Sani Abacha da ke Kano, zagaye guda mita 400 ne. Wanda ya yi zagaye biyar yana wajen 33, mai shida yana 42, mai bakwai ya kai 51. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2009 ya kiyasta cewa kowane ƙarin maki uku da rabi na tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 13 cikin 100. A gwajin Cooper wannan bai wuce ƙarin mita 160 ba, ƙasa da rabin zagaye. Amma gwaji ne na ƙure kai, wanda ya manyanta ko yake da wani ciwo bai kamata ya yi shi ba sai likita ya duba shi.

Ni sau biyu nake yi a shekara, da sanyin hunturu da kuma bayan damina, in rubuta a wani ɗan littafi. Ina ɗan shekara 40 zagaye bakwai nake yi, yanzu shida da ɗan ɗoriya. Wannan raguwa ita ce abin da na fi duba, ba lambar kanta ba. Bayan shekara 30 ƙarfin numfashi na zubewa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma ga wanda ya zauna, ga wanda ya ci gaba da atisaye kuma zubewar ta fi tafiya a hankali. Masana sun kiyasta cewa idan lambar ta sauko ƙasa da 18 ga namiji, hidimar kai ta yau da kullum ma sai ta gagara. Ke nan abin da mai gudu ke yi yana da shekara 50 kamar cika rumbu ne. Dole a ci, kuma dole ya ragu, abin da ya rage kawai shi ne ko hatsin zai kai shi ƙarshen shekara.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mutanen da aka auna a Cleveland marasa lafiya ne da likitoci suka tura gwaji, ba 'yan wasa ba. Kuma tun a 1989, lokacin da Steven Blair da abokan aikinsa suka bi mutum sama da 13,000 a birnin Dallas, an ga cewa riba mafi tsoka na samuwa ne idan mutum ya tashi daga rukunin da ya fi kowa rauni ya shiga na gaba da shi. Daga nan riba na ci gaba, amma a hankali. Wanda ke 33 ya koma 42 ya sayi abu mai yawa, wanda ke 55 yana fafutukar kaiwa 58 kuwa kofi yake nema, ba kwana ba. Awo na da amfani ne inda mutane suka bambanta a kansa. Tsawo na raba wanda zai iya ƙwallon kwando da wanda ba zai iya ba, amma idan ka shiga cikin ƙwararru, kowa dogo ne, sai wani abu dabam ya raba su. Haka ƙarfi yake a cikin masu ƙarfi.

Wannan matsala ta fi fitowa fili a gwaje-gwajen da suka yi tashe a kafafen sada zumunta. Ƙarfin damƙa na ɗaya daga ciki. A 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, inda aka ba kowa wani ɗan ƙarfe mai sikeli ya matse. Duk raguwar kilo biyar a damƙa ta zo da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Ba wai tafin hannu ne ke tsawaita rai ba, damƙa manuniya ce ta yawan tsokar da ta rage a jiki. Ga 'yan kokawar da ke neman takobin ƙasa a Nijar, wannan gwaji ba zai gaya maka komai ba game da wanda zai ga jikokin jikokinsa. Haka gwajin wani likita ɗan Birazil, Claudio Gil Araújo, wanda ke sa mutum ya zauna a ƙasa ya miƙe ba tare da dafa komai ba, ana cire maki a duk dafawar hannu ko gwiwa. Cikin mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80, waɗanda suka fi kasawa haɗarinsu ya ninka na gwanaye sau biyar zuwa shida. A 2022 ya sake fitowa da na tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa goma. Na yi murmushi da na karanta na farkon, domin mu da muka tashi a kan tabarma, muke zuwa ƙasa mu miƙe sau da yawa kowace rana a sallah, muna yin wannan gwaji ba tare da mun san sunansa ba. Kowa ya san abin da ake nufi ran da aka fara kawo wa dattijo kujera a sahu. Gwaje-gwaje ne masu kyau ga wanda ƙarfi ya fara bari. Mai motsa jiki zai cinye su yana dariya, kuma cinyewar ba ta wanke shi ba.

Bugun zuciya lokacin hutu ya ɗan fi su amfani. Ga yawancin manya yana tsakanin 60 da 100 a minti, ga mai dogon gudu yakan sauko 40 zuwa 60, domin zuciyar da ta horu na tura jini mai yawa a bugu ɗaya. A birnin Kofanhagan an bi maza kusan 2,800 tsawon shekara 16, aka ga duk ƙarin bugu goma na tafiya da ƙarin haɗari na kashi 16 cikin 100, ko da an daidaita ƙarfin numfashinsu. Amfaninsa a wurina shi ne na kwatanta yau da jiya. Ina ƙirgawa da yatsa a wuyan hannu kafin in sauko daga gado. Idan na tarar ya haura inda ya saba da bugu takwas ko goma, na san ko barci bai isa ba, ko na wuce gona da iri, ko zazzaɓi na tafe, sai in bar takalmi a inda yake. Gudu da zazzaɓi a jiki ba jarumtaka ba ce, yana iya taɓa tsokar zuciya. Kuma ba yawan bugun kaɗai ake saurare ba, har da tsarinsa. A Suwidin an duba mutum 52,755 da suka shiga wani tseren ƙanƙara mai nisan kilomita 90, aka tarar waɗanda suka kammala shi sau biyar ko fiye sun fi waɗanda suka yi sau ɗaya fuskantar rikicewar bugun zuciya da kashi 30 cikin 100. Tsohon mai gudu da ya ji zuciyarsa na tsallake bugu ko tana fizga ba gaira ba dalili, kada ya ce ai gajiya ce.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne gaskiyar lamarin. Awon da ya fi yi wa mai ƙarfi amfani shi ne wanda ƙarfinsa ba ya iya gogewa, kuma ba ya bari a ji alamarsa. Duk mai gudu a Amurka ya san labarin Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya fitar da dubban mutane kan titi da takalmin gudu. A watan Yulin 1984 ya faɗi ya mutu yana cikin gudu, yana da shekara 52. Da aka bincika gawarsa aka tarar manyan jijiyoyin zuciyarsa uku sun ƙuntata ƙwarai. Mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 43, shi kuma ya sha taba shekaru kafin ya fara gudu yana da 35. Mai yiwuwa gudun ne ma ya kai shi 52. Abin da gudun bai iya ba shi ne sauya gadon da ya ɗauko daga gida.

A ƙasarmu babban ɓarawon da ke shiga ba sallama shi ne hawan jini. Kiyasi na nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Najeriya na ɗauke da shi, da yawa ba su sani ba, kuma an daɗe da lura cewa yana kama baƙar fata da wuri, ya fi tsanani. Motsa jiki na rage shi, amma ragewa kaɗan, ba ya tumɓuke shi idan na gado ne ko gishiri ya yi yawa a tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram biyar a rana, wajen cokalin shayi guda, sai kowa ya tuna da dunƙulen miya da yajin tsire da kilishi ya yi wa kansa hisabi. Cikin abokan ƙwallonmu na Asabar akwai wani bawan Allah da ya girme ni, wanda har yanzu samari ba sa iya bin bayansa. Wata rana wani ma'aikacin jinya da ke wasa da mu ya zo da na'urar awon jini, muka jeru kafin a fara. Da aka zo kansa sai ya ja da baya yana cewa, "Haba Malam, ni da nake zagaye filin nan sau goma sha biyar, ina ni ina hawan jini?" Aka lallashe shi ya miƙa hannu. Lambar ta haura 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini. Aka bari ya huta aka sake, aka sake a wani makon da madauri mai faɗi, domin ƙaramin madauri a damtse mai kauri na ƙara lamba. Ba ta sauko ba. Bai taɓa jin ciwon kai ba, bai taɓa jin jiri ba. Yanzu yana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, kuma har yau ba mu iya kama shi.

Na biyu shi ne kitsen jini, musamman nau'in kolestarol ɗin da ke maƙalewa a bangon jijiya. Siriri na iya samunsa da yawa idan hantarsa haka ta gada. Akwai ma wani nau'i da likitoci ke kira Lp(a), wanda kusan gaba ɗaya gado ne, abinci da gudu ba sa motsa shi sosai, kuma ya fi yawa a jinin mutanen da asalinsu Afirka ne. Sau ɗaya a rayuwa ya isa a auna shi, inda ake da halin yi. Na uku ba ya cin ko kwabo: tambayar dangi. Me ya kashe baba, kuma yana da shekara nawa? Akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi a gidanmu yana matashi? A nan al'adarmu ta kawaici na yi mana cikas, domin idan aka yi rasuwa abin da ake cewa shi ne gajeriyar rashin lafiya, ko kuma kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma 'ya'yan mamacin na da haƙƙin sanin ta wace ƙofa aka shigo. Mahaifina keke ya yi ta hawa zuwa kasuwa har ya tsufa, ba shi da tumbi ko kaɗan, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Wannan ya fi duk zagayen da ke cikin ɗan littafina nauyi idan na zauna gaban likita.

Ga wanda ya haura 35, toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba wajen kashe ɗan wasa farat ɗaya. Ga matasa kuwa galibi halittar zuciyar ce da kanta. Waɗanda suka manyanta ba za su manta da ranar 12 ga Agusta, 1989 ba, lokacin da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana karawa da Angola, yana da shekara 25. Binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. Ranar 26 ga Yuni, 2003, Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa ana wasa da Kolombiya, yana da 28. An gano tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da kima, ciwon da galibi gadonsa ake yi. Babu gwajin gudu ko na damƙa da waɗannan samari biyu ba za su cinye ba. Sai ka ajiye labarinsu kusa da na Nwankwo Kanu. A 1996 ya dawo daga Atlanta da zinaren Olamfik a wuya, bayan ƙwallaye biyun da ya zura wa Birazil, ya je gwajin lafiya a sabon kulob ɗinsa na Inter Milan, sai aka gano ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarsa ba ta rufuwa daidai. Aka yi masa tiyata a Cleveland, ya dawo fili, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999, ya ci ƙwallon da ta ba Portsmouth kofin FA a 2008. Bai fi Foe ƙarfi ba. An dai leƙa ƙirjinsa ne.

Ba haɗari ba ne ya sa a Italiya aka gano. Tun 1982 dokar ƙasar ta wajabta wa duk mai shiga gasa gwajin lafiya, har da zanen bugun zuciya na lantarki da ake kira ECG. A yankin Beneto, mutuwar farat ɗaya a tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin 100 cikin kusan shekara ashirin da biyar, kamar yadda aka ruwaito a 2006. Likitoci na gardama har yau kan ko kowace ƙasa za ta iya kwaikwayon wannan, kuma akwai wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye: zanen zuciyar ɗan wasa baƙar fata na iya nuna wasu siffofi da suke lafiyayyu a gare shi, amma wanda bai saba ba zai ɗauke su ciwo, ya kashe wa yaro sana'a a banza. Mai karanta zanen na da muhimmanci kamar na'urar.

Mata masu motsa jiki na da nasu awon da ba ya bukatar na'ura. Idan atisaye ya yi yawa abinci ya gaza, al'ada kan ɗauke, kuma wasu na ɗaukar hakan alamar horuwa. Alama ce ta cewa jiki ya shiga tsimi, kuma ƙashi ne ke biyan bashin, ya yi rauni tun da ƙuruciya, karaya ta zo da wuri a tsufa.

Akwai kuma rukunin jini. Kusan ɗaya cikin 'yan Najeriya huɗu na ɗauke da AS, wato rabin gadon sikila. Yawancinmu sai za a ɗaura aure muke jin labarinsa, daga nan a manta. Mai AS lafiyayye ne, yana iya zama zakara a kowane wasa. Amma idan tsananin atisaye ya haɗu da zafin rana da ƙishirwa, ko zazzaɓi, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin tsoka, ya durƙushe cikin 'yan mintoci. Bayan rasa ɗalibai da dama ta wannan hanya, hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman a yi wa manyan 'yan wasanta wannan gwaji a 2010, ba don a kore su ba sai don a san wanda za a bari ya huta idan ya nema. Su da ke da 'yan tsiraru masu AS ke nan. Mu da muke da miliyoyi, muke atisaye a zafin Afrilu, wani lokaci da azumi a baki, nakan ga mai horarwa na yi wa yaron da ya tsuguna tsawa ya tashi ya ci gaba, ba tare da ya san rukunin jininsa ba.

Masu shirya gasar unguwa da ta makarantu ba su da kuɗin Italiya, amma takarda ɗaya ba ta fi ƙarfinsu ba. A tambayi kowane yaro ko ya taɓa suma yana gudu, ko ƙirjinsa na ciwo idan ya yi ƙoƙari, ko wani a gidansu ya mutu farat ɗaya bai kai 50 ba, a rubuta rukunin jininsa, a auna hawan jininsa. Wanda ya amsa da e a tura shi asibiti kafin a ba shi riga. Kuma a samu ko mutum biyu a bakin fili da suka iya danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, domin abin da ya dawo da Christian Eriksen na Denmak ke nan a watan Yunin 2021, tare da na'urar farfaɗo da zuciya da ta iso gare shi cikin 'yan mintoci. A ƙungiyarmu ta Asabar mun yi karo-karo mun sayi na'urar awon jini, kuɗinta bai kai na takalmin ƙwallo mai kyau ba. Tana cikin jakar da ake zuba riguna, kuma Asabar ɗin farkon kowane wata ba a busa usur sai kowa ya miƙa hannu.